Aikatau na Faransanci: gaɓoɓin da alƙalami ke rubutawa da waɗanda baki ke furtawa

Duk wanda ya zauna ajin lekwal, wato makarantar boko, a Maraɗi ko Damagaram ya san ranar shifta. Mushe, wato malamin aji, yana zagayawa, hannu goye a baya, yana karanto jimla ɗaya bayan ɗaya, yara sun duƙufa suna rubutu. Sai ya ce "il-parl". Yaro ya tsaya da alƙalami a sama, domin abin da kunnensa ya ji zai iya zama il parle, mutum ɗaya yana magana, zai kuma iya zama ils parlent, mutane da yawa suna magana. Ko ƙwayar zarra babu bambanci a furuci. Dole ya waiwayi jimlar da ta gabata ya ga su nawa ake zance, kafin ya san ko zai ƙara s da n da t, haruffa uku da babu bakin da ya furta su.

A rubuce, parlent gaɓa biyu ce: par-lent. A baki gaɓa ɗaya ce tak. Abin da ke ƙara rikita mai koyo shi ne wannan -ent ɗin a kan aikatau kaɗai yake shiru. Le président, shugaban ƙasa, gaɓa uku ce, ta ƙarshe tana fita ta hanci: pré-zi-dan. Amma ils président, suna shugabanta, gaɓa biyu ce: pré-zid. Malamai suna da wata jimla da suke tsokanar yara da ita, les poules du couvent couvent, wato kajin gidan 'yan zuhudu suna kwanci. Kalma ɗaya sau biyu a jere, ta farko ku-van, ta biyu kuv.

A ganina hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a yarda cewa aikatau biyu ke zaune a jikin kowane aikatau na Faransanci, na takarda da na baki. Na takarda yana riƙe da kayan gadon Latin. Na baki kuwa ya sauke mafi yawan kayan tun ƙarnuka da suka wuce, har ya zo ya yi kama da Hausa fiye da yadda littattafan nahawu ke nunawa.

A Latin ana cewa amo, amas, amat, amamus, amatis, amant: ina so, kana so, yana so, har zuwa suna so. Ƙarshen kalma shi ke faɗin wanda ya yi aikin, saboda haka ba a buƙatar wakilin suna. Faransanci ya gaji layin nan shida a rubuce: aime, aimes, aime, aimons, aimez, aiment. Kunne kuwa uku kawai yake ji: èm, é-mon, é-mé. Da yake a hirar yau da kullum on aime ya kusa kore nous aimons, sai ya zama vous aimez kaɗai ya fita daban. Nauyin da ƙarshen kalma ya sauke, wakilin suna ne ya ɗauka, shi ya sa je, tu, il ba sa rabuwa da aikatau. Bahaushe ya san wannan tsari tun yana goye: na sha, ka sha, ya sha, mun sha, sun sha, "sha" bai motsa ba. Inda suka rabu shi ne Hausa tana ɗora lokaci ma a kan wakilin sunan (na, ina, zan, nakan), Faransanci kuwa ya bar lokaci a jikin aikatau.

Ɗaya daga cikin sakamakon zaizayewar nan shi ne tarin kalmomi masu furuci ɗaya. Parler, parlez, parlé, parlée, parlés, parlées: rubutu shida, furuci ɗaya, par-lé. Su kansu Faransawa suna tuntuɓe a nan, har suna da dabarar da ake koya wa yara: ka cire aikatau ɗin ka sa vendre a gurbinsa. In vendre ya zauna daidai, -er za ka rubuta. In vendu ne ya zauna, -é ne.

To, wannan beben e da ake ta rubutawa ba a furtawa, irin na ƙarshen parle, yana da wani aiki kuwa? Yana da shi, kuma babba. Ƙa'idar furucin Faransanci ita ce baƙin da ya zo ƙarshen kalma yawanci shiru yake yi, sai in an sa masa e a baya ya farka. Dubi il part da ils partent. Na farko par, t ɗin yana barci. Na biyu part, t ya fito. Haka il dort da ils dorment (dor, dorm), il lit da ils lisent (li, liz), il écrit da ils écrivent (é-kri, é-kriv), il finit da ils finissent (fi-ni, fi-nis), il sait da ils savent (sè, sav). Yawan gaɓoɓi bai ƙaru ba. A mafi yawansu, gaɓar ƙarshe ce da take buɗe a tilo ta rufe da baƙi a jam'i. Idan aka ajiye takarda gefe aka tambayi kunne yadda waɗannan aikatau ke yin jam'i, amsar ita ce ana ƙara baƙi ɗaya a ƙarshe. Wani lokaci wasalin ma yana sauya launi: il vient ta hanci yake fita, ils viennent kuwa n sosai ake furtawa, vyèn, hancin ya tafi. Il prend da ils prennent haka suke.

Nan ne harshen Bahaushe ke samun cikas, kuma dalilin a fili yake. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta tara baƙaƙe biyu a farkon gaɓa ko a ƙarshenta, kuma mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Shi ya sa docteur ya zama lokotoro a bakin mutanen Nijar, aka cusa wasula har sai da kalmar ta zauna. Idan mai koyo ya gamu da parl, baƙaƙe biyu a ƙarshe, ɗayan biyu yake yi. Ko ya jefar da na ƙarshe, ko ya ƙara wasali. In ya jefar a ils partent, jam'i ya koma tilo. In ya ƙara wasali a je parle ya ce jé-par-lé, mai sauraro j'ai parlé zai ji, aikin da ake cikin yi ya koma wanda aka gama. Kuskuren gaɓa ɗaya ya sauya lokaci ɗungum.

Wannan na biyun ya cancanci a dakata a kansa. Wasalin je raunanan wasali ne da ake furtawa da ɗan zumɓura leɓe, masana suna rubuta shi ə, kuma babu shi cikin wasulan Hausa biyar. Abin da ya fi kusa da shi a bakinmu shi ne e, wanda shi ne wasalin j'ai. Ga je dis da j'ai dit, je fais da j'ai fait, je finis da j'ai fini, j'écris da j'ai écrit. A ukun farko babu abin da ya raba "ina yi" da "na yi" sai wannan wasali ɗaya. A na huɗun gaɓa ce guda ke ƙaruwa, jé-kri da jé-é-kri. Na taɓa jin ɗalibi yana rantsuwa ya gaya wa malaminsa yana kan gama aiki, malamin kuma yana rantsuwa cewa ya ce ya gama. Kowa da gaskiyarsa.

Sai batun iyakar kalma. Faransanci ba ya mutunta farin filin da ke tsakanin kalmomi a takarda. Yana ɗinke jimla ya yanka ta gaɓa-gaɓa yadda ya fi masa daɗi, kuma abin da ya fi so shi ne gaɓa mai farawa da baƙi ta ƙare da wasali. Il aime a baki i-lèm ne, l ya bar gidansu ya tare gidan aikatau. Kakanninmu sun ji wannan da kunnensu tun zamanin mulkin mallaka: l'école suka ji, suka ɗauke ta ɗungurungum suka ce lekwal, kamar yadda tun da can aka haɗiye al- na Larabci cikin alƙali da alƙalami. Ba su yi kuskure ba, abin da aka furta suka maimaita.

Idan aikatau ya fara da wasali, baƙin da ke barci a ƙarshen wakilin suna yana farkawa, kuma s yana farkawa ne da muryar z. Il aime, i-lèm. Ils aiment, il-zèm. Ga jam'i ya fito, amma a goshin aikatau maimakon ƙeyarsa. Daga nan ake samun tagwayen da ke wahalar da masu koyo: ils ont da ils sont (il-zon, suna da, il-son, su ne), nous avons da nous savons (nu-za-von, muna da, nu-sa-von, mun sani). Bahaushe bai kamata ya sha wuya a nan ba, tunda ya san bambancin zo da so. Matsalar ita ce ido yana ganin s, sai baki ya bi ido.

A tambaya, idan aka juya wakilin suna ya koma baya, t ɗin da ke barci a parlent yana tashi: parlent-ils, parl-til. A vend-il, d ne a rubuce amma t ake ji. Aikatau irin aime da a da va ba su da t a ƙarshe, sai harshen ya aro musu ɗaya daga 'yan uwansu don kada wasula biyu su yi karo: aime-t-il, a-t-il, va-t-il. A umarni ma haka: va, tafi, ba shi da s, amma vas-y yana da shi, va-zi, mange ya zama manges-en. Haruffa ne da ba su da ma'anar komai, aikinsu kawai su ba gaɓa ta gaba baƙin da za ta fara da shi.

Yanzu mu shiga cikin saiwar kanta, inda na fi jin daɗin lamarin. Me ya sa ake cewa je viens amma nous venons, je meurs amma nous mourons, je bois amma nous buvons, je peux amma nous pouvons, je dois amma nous devons? Ɗalibai suna haddace su ɗaya-ɗaya a matsayin marasa ƙa'ida, alhali ƙa'ida ɗaya ce ke ƙarƙashinsu duka. A Latin, nauyin murya yana sauka a kan saiwa a mutum na ɗaya da na biyu da na uku tilo da na uku jam'i, amma a "mu" da "ku" yana matsawa kan ɗafa-ƙeya. Wasalin da nauyi ya sauka a kansa ya buɗe ko ya rabe biyu, wanda nauyi ya bari ya raunana. Shi ya sa kullum huɗu ke gefe guda, nous da vous suna ɗaya gefen. Har yau tsarin yana raye: idan ɗafa-ƙeya bebe ne, gaɓar saiwa ce ta ƙarshe, ita ke ɗaukar nauyi, idan ɗafa-ƙeya yana da murya, -ons ko -ez, shi ke ƙwace nauyin.

Aikatau masu -er ma ba su tsira ba. Raunanan ə ba ya iya zama a gaɓar ƙarshe da ta rufe da baƙi, dole ya buɗe ya zama è. Saboda haka nous levons amma je lève, nous achetons amma j'achète. Sauti ɗaya ne a nous appelons da j'appelle, nous jetons da je jette, sai dai a nan an nuna buɗewar da ninka baƙi maimakon ɗora alama a kan wasali. Hanya biyu ta rubuta abu ɗaya, kuma babu wata hikima da za ta gaya maka wace za ka bi, sai hadda. Gyaran rubutun da aka buga a jaridar gwamnatin Faransa ranar 6 ga Disamba 1990 ya ba da shawarar a bi hanyar è a duk irin waɗannan, ban da appeler da jeter da iyalansu, domin an saba da su ainun. Gyaran nan ne kuma ya halatta je cèderai maimakon je céderai, tunda è ake furtawa. Tsohon rubutun bai zama kuskure ba, shi ya sa za ka tarar da duka biyun.

A tsohon Faransanci wannan sauyin saiwa ya fi haka yawa. Ana cewa j'aim amma nous amons, je treuve amma nous trouvons. Da tafiya ta yi tafiya sai ɓangare ɗaya ya cinye ɗaya: a aimer saiwar mai nauyi ce ta yi nasara, a trouver kuwa marar nauyin. Amant, masoyi, shi ne ragowar tsohuwar saiwar am-. Akwai ma inda aka raba gado: aikatau ɗaya mai ma'anar karya azumi yana da saiwa desjun- da saiwa disn-, kowace ta kafa gidanta, aka sami déjeuner da dîner. Asalinsu dai abin da muke cewa karya kumallo ne, ko da yake a Paris ta yau ɗaya ya koma abincin rana, ɗaya na dare.

Lokaci mai zuwa yana da nasa tarihin. Dubi ƙarshen chanterai, chanteras, chantera, chanteront: ai, as, a, ont. Aikatau avoir ne ɗungum aka manna a bayan chanter, kamar a ce "ina da waƙar da zan yi". A chanterons da chanterez an datse av- daga avons da avez. Haɗin ya tsufa ƙwarai. A rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, wadda jikokin Sarki Charlemagne biyu suka yi don haɗa kai a kan ɗan'uwansu, wadda kuma ake ɗauka a matsayin rubutu mafi daɗewa a harshen da ya zama Faransanci, akwai salvarai da prindrai, zan taimaka da zan ɗauka. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya: za na "za mu ci" shi ne za na "za mu kasuwa", kalmar tafiya ce ta zama alamar lokaci, kamar yadda Faransanci ya sake yi a je vais partir.

Gaɓa nawa ce a chanterai? A takarda uku. A bakin ɗan Paris biyu, shan-tré. Aimerai ma biyu, èm-ré. Amma parlerai uku ce ko a Paris, par-lə-ré, domin in aka jefar da ə sai r da l da r su haɗu, harshe ya sarƙe. Masanin furuci Maurice Grammont ya bayyana wannan a 1894 da sunan ƙa'idar baƙaƙe uku. Ba ta aiki ɗari bisa ɗari, amma tana bayyana abubuwa da dama. Tana da 'yar'uwa a gaban -ions da -iez: nous chanterons yana iya zama shan-tron, amma nous chanterions dole ə ya tsaya, shan-tə-ryon. Nous voulions gaɓa biyu ce, vu-lyon. Nous voudrions uku, vu-dri-yon, domin d da r sun riga sun cika farkon gaɓa, babu wurin y, sai i ya zama wasali mai cin gashin kansa. Akwai kuma inda e ba ya fita ko kusa, wato bayan wasali: jouerai ju-ré ne, étudierai é-tu-di-ré. Yaron da ya rubuta "jourai" kunnensa lafiya lau, maki ne dai zai rasa.

Duk wannan furucin arewacin Faransa ne. A Marseille da Toulouse ana furta beben e, parle ya koma gaɓa biyu. A waƙar gargajiya mai gaɓa goma sha biyu a layi, ana ƙirga shi idan baƙi ya biyo baya. Saboda haka wanda ya tambaye ka gaɓa nawa ce a aikatau kaza, ka fara tambayarsa a bakin wa.

Akwai wuri ɗaya da Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila sa'a. Faransanci yana rubuta baƙaƙe masu ninki barkatai amma ba ya furta ninkin: donner do-né ne, pourrai pu-ré, verrai vè-ré. Sai a 'yan tsirarun aikatau, courir da mourir da acquérir, inda ninkin r ke ɗauke da ma'ana. Je courais, ina gudu a da. Je courrais, da zan yi gudu. Il mourait, yana mutuwa; il mourrait, da zai mutu. Mai bambanta baba da babba ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bambancin parlerai da parlerais kuwa, é da è, littafi yana nan a kansa, amma Faransawa da yawa sun daina yin sa a baki. Shi kansa -ais ɗin ba tsohon rubutu ba ne. Parlois, parloit ake rubutawa har bayan da furuci ya sauya. Marubuci Voltaire ya yi ta fafutukar a rubuta ai, amma hukumar kula da harshen, wadda aka kafa a 1635, ba ta amince ba sai a ƙamusunta na 1835. Wasu rubuce-rubucen kuma an bar su yadda suke: nous faisons fə-zon ake cewa duk da ai, kuma eu na j'ai eu wasali ɗaya ne, irin na tu.

Sauran abubuwan ba su da wuyar sha'ani. Wutsiyar ç a commençons da e a mangeons suna nan ne don c da g su riƙe sautinsu mai laushi a gaban o. Gaɓar -iss- ta finissons gadon wani ɗafi ne na Latin mai nuna fara aiki, shi ya sa aikatau irin rougir da grandir da vieillir, yin ja da girma da tsufa, suka taru a rukunin. Aller kuwa gidan haya ne, saiwa uku ke zaune ciki: va-, all-, da ir-. Kada mu yi masa dariya, mu ma muna cewa na je amma ina zuwa. Sabbin aikatau kusan duka rukunin -er suke shiga, daga cliquer da télécharger har zuwa waɗanda Faransancin Afirka ya ƙera da kansa, irin cadeauter, yin kyauta, da enceinter, yi wa mace ciki. Ko da dokar da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ta bar Faransanci cikin harsunan aiki, don haka yaran Tawa da Yamai ba su rabu da jadawalin aikatau na Faransanci ba tukuna, haka ɗaliban Najeriya da ke zuwa cibiyar koyon Faransanci ta Badagry don goge bakinsu.

Saura yankan kalma a ƙarshen layi, wanda ke bin gaɓar takarda zalla. Ana yanka tsakanin baƙaƙe masu ninki ko da ba a furta ninkin: ap-pe-ler, don-ner. Ba a raba ch da gn da ph, domin kowane sauti ɗaya ne: ga-gner, cher-cher. Ba a raba baƙi irin b ko t da l ko r da ke binsa: ou-blier, mon-trer. Ba a yanka tsakanin wasula biyu, ko da kunne yana jin gaɓa biyu kamar a créer. A aime-t-il ana yanka kafin t, ya sauka tare da il, tunda a baki ma tare suke. Sai y da ke tsakanin wasula, wanda ke aikin i biyu, ɗaya yana haɗuwa da a ya ba da è, ɗaya yana buɗe gaɓa ta gaba. In ka yanka kafinsa ka ɓata wasalin farko, in ka yanka bayansa ka ƙwace wa gaɓa ta biyu baƙinta. Saboda haka essayer wuri ɗaya kawai ake yanka shi, es-sayer, payer kuwa in bai sami wuri a layi ba sai dai ya sauka gaba ɗayansa.